Mutanen Ɗakin Taro

Ɗakin taro a Dutsin-Ma da Kurfi ba ya zaman banza. Yau musabaƙar Alƙur'ani, gobe liyafar biki, jibi taron jam'iyya ko na manoma. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, lacca da ƙaddamar da littattafai suka ƙaru. Kowane irin taro ne, akwai mutanen da ba a rasawa.

Na farko mai lasifika. Tun hantsi yake "gwaji, gwaji", amma da liman ya fara addu'ar buɗe taro sai na'ura ta ɗauki kuka. Sai babban baƙo: kati ya ce ƙarfe goma, ba a ganin motarsa sai bayan azahar, kuma wakili ne a ciki.

Gogan su duka shi ne mai "kalma biyu kawai". Yakan karɓi makirufo yana rantsuwa ba zai ci lokaci ba. Sai ya gaida hakimi, dagatai, masu unguwanni, shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli, kowa da sunansa da kirarinsa. Daga nan ya ɗauko tarihi tun kafin a ƙirƙiro jihar Katsina a 1987, ya ratsa ta madatsar ruwan Zobe, ya faɗo kan tsadar taki. In mai gabatarwa ya miƙo masa 'yar takarda, sai ya ninke ta ya jefa aljihu, ya ce "a ƙarshe". Yakan yi "a ƙarshe" sau uku. Ta huɗu ladan ne ke katse ta.

'Yan layin baya ba ruwansu da maƙasudin taro, idonsu na ƙofar da kulolin shinkafa za su shigo. A cikinsu akan sami mai biro da takarda, wai halayen jama'a yake nazari.

Wanda ba shi da uzuri shi ne mai alkawarin baka. A gidauniyar marayu ko ƙaddamar da littafi yakan miƙe ya shelanta kyautar miliyan, a yi tafi, maroƙi ya wasa shi, a ɗauki hoto. Washegari wayarsa a kashe. An bar marubuci da bashin maɗaba'a, marayu kuwa ko sisi, shi ya riga ya ci ribar suna.

Na ƙarshe masu ba da hayar kujeru, waɗanda ke fara ƙirga kayansu mutane na zaune a kai, don da yamma akwai kamu a wata unguwa.