Masu Riƙe da Butar Alhaji

A gidajen manyan Ingila akwai bara guda mai riƙe da makullin ɗakin giya. Mu a Matameye Allah ya raba mu da ɗakin, amma bai raba mu da mai makullin ba. Tun zamanin Sarki Tanimun na Damagaram, wanda ya rasu a 1884, mai son ganin sarki sai ya fara shiri da bayin sarki. Kano ma har gobe tana da Shamaki da Sallama da Ɗan Rimi. To, gidan Alhajin da ya yi arziki da fataucin wake ta Ɗan Barto, shi ma ƙaramar fada ce.

Sarkin zaure za ka fara tararwa. Amsarsa ɗaya ce: "Yanzu ya shiga ciki." Kana jin tarin Alhaji a bayan labule, shi kuwa ko gezau. Miƙa masa jika ɗaya na goro, nan take Alhaji ya fito.

Sai mai shayi, wanda shi ne ainihin waziri. Yana gefe da ɗan murhunsa na waya, yana fifita gawayi kamar ba ya jin komai, alhali ba cinikin da ya wuce shi. A kofinsa ake gane darajar baƙo. Na farko mai ɗaci na abokin ciniki ne, na biyu na surukai. Idan aka miƙo maka na uku, rabi kumfa rabi sukari, Malam, ka haƙura da bashin nan, nemi takalminka. Sukarin gida kuwa kullum "ya ƙare jiya".

Akwai ɗan aiken cikin gida, mai ɗauko fura. Kwano cike yake barin hannun Hajiya, ya iso zaure da wuya. In ka tambaya, rana ce ta sha. Gashin bakinsa fari fat.

Shi kuwa Haka-ne ba wanda ya san aikinsa, har Alhajin. Alhaji ya ce za a yi ruwa: "Haka ne, ranka ya daɗe." Ya ce ba za a yi ba: "Ai na ga alama."

Bara na je neman rancen taki, na gaida Alhaji har ƙasa, na manta da mai shayi. Har la'asar ina zaune, kofi na zagayawa yana tsallake ni.