Wasiƙa Zuwa Ga Malam Biro, Mai Masauki A Kowane Aljihu

Daga wani dattijo ma'abocin takarda da tawada, zuwa ga Malam Biro, baƙon da ya zama ɗan gari. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da tambayar lafiyarka da ta 'yan'uwanka, shuɗi da baƙi da ja, musamman jan nan da malaman makaranta suka mayar takobi. Amma ba'adu.

Dalilin wannan takarda shi ne wata mas'ala ta fiƙihu da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda na kai gaban malamai a zaure suka yi murmushi, na kai gaban 'yan boko suka ce ba su da lokaci, har na ga babu abin da ya saura illa in tunkari mai abin da kansa. Mas'alar kuwa ita ce: kai na wane ne?

Don kada ka ce tsohon nan yana tuhumar wanda bai sani ba, bari in karanta maka nasabarka. Tun a 1888 wani Ba'amurke, John Loud, ya yi rajistar alƙalami mai ƙwallo a baki domin yin alama a jikin fata, sai dai kaushinsa ya hana shi bin takarda, aka manta da shi. Ubanka na haƙiƙa shi ne László Bíró, ɗan jarida a birnin Budapest na ƙasar Hungary, wanda, da ya lura tawadar maɗaba'a tana bushewa nan take alhali ta alƙalaminsa tana ɓata takarda, ya haɗa kai da ɗan'uwansa György, masanin haɗa sinadarai, aka yi maka rajista a 1938, shekara guda kafin Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya. Da fitinar Hitila ta tsananta suka yi hijira zuwa Ajantina, suka sake rajista a 1943, kuma har yau mutanen ƙasar suna bikin masu ƙirƙira a ranar haihuwarsa, 29 ga Satumba. Ashe ƙaura a jininka take, shi ya sa ba ka iya kwana biyu a hannu ɗaya. Ka ma taɓa yin daraja, domin ran 29 ga Oktoba 1945 mutane sun yi dafifi a kantin Gimbels na birnin New York suna sayen wani ɗan'uwanka a kan dala 12.50, kuma na tabbata ranar babu wanda ya dubi maƙwabcinsa ya ce a ara masa. Sai Marcel Bich na Faransa ya fito da Bic Cristal a 1950, ya karya farashi, har zuwa 2006 aka sayar da guda biliyan 100. Daga nan mutuncinka ya zube, namu haƙƙin kuma ya bi shi.

Ga yadda abin yake aukuwa. Mutum yana tsaye a layin banki, sai wani kamili mai hula da carbi, wanda in ka ba shi ajiyar jakar kuɗi zai mayar maka da ita ko kwabo bai yi ciwon kai ba, ya matso ya ce, “Malam, don Allah ɗan biro, hannu kawai zan sa.” Ka zare ka miƙa. Ya sa hannu, ya tuna akwai wata takardar, ya cika ta, sa'an nan ya miƙa wa na bayansa da fara'ar mai kyauta, na bayan ya miƙa wa wata hajiya, hajiya ta jefa a jaka ta ja zif. Kai kuwa, Malam Biro, ko waiwaye ba ka yi ba. Mai kaya yana kallo, kunya ta ɗaure masa baki, domin dattijo ba ya tsayar da layi a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

To, a wane babi za mu sa wannan? In aka ce aro ne, hukuncin aro a mazhabar Malikiyya sananne ne ga duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid: abin da ake iya ɓoyewa, in ya salwanta a hannun mai aro, ramuwa ta hau kansa sai fa in ya kawo shaida, kuma ban san abin da ya fi ka sauƙin ɓoyewa ba. In aka ce tsintuwa ce, wajibi ne a yi cigiya har shekara, amma tun da nake ban taɓa jin ladan ya tsaya bayan salla ya ce wa ya yar da biro ba. Kyauta tana bukatar niyyar mai bayarwa, ni kuwa Allah ya sani ban ƙulla ta ba. Ƙwace yana bukatar fin ƙarfi, sata tana bukatar fakon ido, wannan kuwa da sallama ake farawa, da “na gode” ake gamawa. Na san malamai sun yi rangwame a kan abu ƙanƙani wanda mai shi ba ya damuwa da shi, amma wa ya tambayi mai shi? Hatta bankuna, waɗanda jama'a ke danƙa wa dukiyarsu su tafi gida su yi barci, ba su amince maka ba, sai sun ɗaure ka da zare a jikin kanta kamar akuya a turke, kuma duk da haka sau da yawa zaren kaɗai ake tararwa.

Wanda ka gada, alƙalamin kara, bai kasance haka ba. Malami yakan zaɓi karan da ya bushe sarai, ya ɗauki 'yar wuƙarsa ya fiƙe shi, ya tsaga bakin kaɗan domin tawada ta sami hanya, sa'an nan ya yanke kan a karkace gwargwadon yadda hannunsa yake kwanciya, ya gwada a gefen allo, ya ƙara kankara, ya sake gwadawa, har sai alƙalamin ya san ubangidansa. Ta yadda in wani ya ɗauka sai ya yi masa gardama, ya yi ta tartsatsi, ya mayar da ba'un kamar ta'un. Saboda haka aronsa ba shi da riba, saninsa kuwa ba shi da wuya, kowa a tsangaya ya san na wane ne. Tawadar ma da hannu ake haɗa ta, ta allo da gawayi da ƙaro don ta wanku, ta takarda da bagaruwa don ta zauna, a zuba a kurtu a rufe. Takardar da magabata suka rubuta littattafansu a kai, mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani in an ɗaga ta ga haske, daga masana'antun Italiya take fitowa, irin na gidan Galvani a Pordenone, ta biyo Tarabulus, ta ƙetare Sahara a bayan raƙuma kafin ta iso Kano. Wanda ya san nisan da warƙa ɗaya ta sha ba ya ɗora mata alƙalami sai ya gama tunani. Kuma ba sai na tuna maka cewa da alƙalami aka yi rantsuwa a farkon sura ta 68 ba, wadda sunansa ma take ɗauke da shi.

Kai kuwa ja ɗaya gare ka, ba kauri ba siriri, alhali ƙawar rubutun Kano da na Barno duk a kaurin jan take da yadda yake sirancewa a lanƙwasa. Sai an danne ka kake tafiya, shi ya sa kake barin shatinka a bayan shafi har zuwa shafi na uku, mai tsegumi ya karanta sirrin mutum ba tare da ya ga wasiƙar ba. Ban kuma taɓa jin an yi rubutu da kai an wanke an ba mara lafiya ya sha ba, kuma ina roƙon kada kowa ya gwada.

Sai halinka na yaudara, wanda shi kaɗai ya isa a kai ka gaban alƙali. Ranar da ake zanen banza a bayan ambulan, gudu kake ba tuntuɓe. Ranar da aka zauna gaban shaidu za a sa hannu a takardar cinikin gida, a nan ne kake ɗaukewa a tsakiyar suna, sai ka ga dattijo mai furfura yana karkaɗa ka, yana hura maka iska, yana murza ka tsakanin tafukansa, yana zana da'ira a tafin hannu, jama'a suna jira, ga tawada kuwa cike da cikinka kowa yana gani. Da hunturu ka daskare. Da bazara kuma, tawadar da ka hana a gaban shaidu sai ka juye ta gaba ɗaya a aljihun farar riga, kuma ba ka zaɓar kowace rana sai Jumma'a.

Adalci dai wajibi ne ko a kan abokin husuma. Na shaida kai ne ka riƙe littafin bashin mai kanti, da lissafin uwar adashi, da katin awo a asibiti. Kai ne ɗan talaka yake shiga ɗakin jarrabawa da kai ba tare da kwalbar tawada ta kife masa a kan amsa ba. Kuma makarantun Faransa, da suka yi ta ƙyamarka, ala tilas suka buɗe maka ƙofa a 1965. Miliyoyin da ba su taɓa fiƙe kara ba sun rubuta wa iyayensu wasiƙa albarkacinka, Allah ya saka. Sai dai wannan alheri naka bai halatta wa kowa kayan wani ba.

Tun da na san ba za ka ba ni amsa ba, ga abin da na yanke. Daga yau duk wanda ya ce in ara masa kai, zan zare ka in miƙa, murfin kuwa ya zauna a hannuna, domin mai hankali ba ya sa biro tsirara a aljihun rigarsa, kuma murfin nan, wanda masu yin Bic suka huda wa kai tun 1991 don kada masu tauna shi su shaƙe, bai kamata ya shiga bakin da ban sani ba. Ka kuma isar da saƙona ga 'yan'uwanka da ke warwatse a jakunkuna da motoci da teburan mutane, cewa masu su na asali ba su yafe ba. Wanda duk wannan takarda ta faɗa hannunsa, ya laluba aljihunsa yanzu. In ya sami biron da bai tuna ranar da ya saya ba, ya nemi mai shi tun a nan duniya.

Wassalam.

Naka, mai murfi da yawa.