Jagora ga Alhajin Ambassatna mai son tirela mai wuya

Duk wanda ya zauna a majalisar shayi a Ambassatna, ya hango tirela mai gantsararren wuya ta wuce kan kwalta ɗauke da katafila, zuciyarsa ta raɗa masa cewa shi ma zai iya, to ya tashi ya nemo igiyar awo ya auna layin gidansu. Ambassatna tsohuwar unguwa ce a gunduma ta uku ta Injamena, maƙwabciyar Gardole da Ardep Jumal, kuma an zauna ta tun garin yana amsa sunan Fort-Lamy, kafin a sauya shi a 1973. Waɗanda suka fitar da layukanta ba su yi lissafi da abin da tsawonsa ya haura mita 16 ba. Idan Alhaji ya dage sai ta kwana a ƙofar gida, katangar maƙwabci ce za ta fara shiga lissafin asara, sai rumfar mai shayin da aka yi shawarar a cikinta. Gara ya nema mata makwanci a bayan gari wajen Ngeli, ya ɗauki maigadi, ya ajiye hotonta a waya don nuna wa abokai.

Sha'awar tasa tana da hujja. Cadi ba ta da teku, ba ta da layin dogo. Tashar ruwan da ta fi dogara da ita ita ce Duwala ta Kamaru, kusan kilomita 1,800 daga Injamena, jirgin ƙasan Kamaru kuwa iyakarsa Ngaundere tun da layin ya isa can a 1974. Duk injin haƙa, duk babban janareto, duk abin da ya fi ƙarfin akwatin kwantena, a bayan mota zai ƙarasa. Yarjejeniyar ƙasashen biyu ta 1999 ta ware wa masu motocin Cadi kashi 65 cikin ɗari na kayan da ke ratsa Kamaru zuwa gida. Kason yana nan a takarda, amma ba ya biyo mutum har ɗaki. Sai Alhaji ya san hanyar ofishin rabon kaya, wato Bureau National de Fret Terrestre, ya san takardar rakiyar kaya, ya kuma koyi zaman jira.

Yanzu sai wuyan, don a nan arziki yake, a nan kuma yake zubewa. A Amurka manoma kan ɗaura ƙaramar tirela mai wuya a bayan akori-kura, a kan wani dunƙulen ƙarfe da ke tsakiyar bodi. Ta hanyar Duwala kuwa babba ce. Wuyanta yana tasowa daga shimfiɗar da ke dab da ƙasa, ya lanƙwasa, ya kwanta a kan faifan da ke bayan kan mota, inda wata gajeriyar turakar ƙarfe ke faɗawa cikin bakin faifan a kulle ta. Dukan ja da dukan birki ta wannan 'yar turakar suke bi. Kauri biyu gare ta, mai inci 2 da mai inci 3 da rabi ta manyan kaya. Wanda ya sayo kan mota ƙirar Actros na hannu daga Turai, ya sayo tirela daga Sin, bai tambayi kaurin ba, zai tara maƙwabta walima sannan ya tarar ma'auratan ba sa shiga juna. Akwai kuma mai wuyan da ake cirewa: gabanta ya durƙusa kamar raƙumi, katafila ta hau da ƙafarta, a mayar da wuya a ɗaga. Kallonta kawai ya isa ya sa mutum ya sayar da fili.

Abincin faifan giris ne. Ƙurar hunturu tana cakuɗewa da shi ta zama yashi mai cin ƙarfe, don haka sai an kankare tsohon kafin a shafa sabo. Bayan an haɗa, direban kirki yakan ja kaɗan alhali birkin tirela na riƙe, ya ji ko ta kama, sannan ya sauko da tocila ya leƙa ƙarƙashi ya ga bakin ya rufe da idonsa. Ya bi kusurwar wuyan da yatsa, inda walda ke haɗa shi da shimfiɗa. Siririn layin tsatsa a wurin yana nufin tsagewa ta fara. Mai waldan bakin titi zai ce, "Alhaji, minti goma ne." Alhaji ya gode masa, ya saya masa shayi, ya wuce wurin wanda zai ƙwaƙule tsagar har tushe ya ɗora ƙarfen ƙarfafawa.

Maganar nauyi ba ta son kunya. Ƙa'idar hanyoyin Kamaru ita ce tan 13 a kan gatari guda, 21 a kan tagwaye, 27 a kan uku jere, jimilla tan 50, abin da ya wuce haka sai da izini na musamman. Sikelin hanya bai san Alhaji ya gina masallaci ba. Mai kaya zai ce a ƙara buhun siminti ɗari a gefen injin tunda akwai wuri. Wurin yana nan, tayar ce ba ta da labari. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, taya mai ɗauke da fiye da ƙarfinta ba ta yin sallama kafin ta fashe.

Hanya biyu ce daga Ngaundere. Ta arewa tana gangara hawan nan mai kwana-kwana kafin Garwa, ta bi Marwa, Mora, Waza da Dabanga zuwa Kusuri, a haye kogin Logone ta gadar Ngeli. A gangaren nan ake gane wanda ya zubar da ruwan tankin iska da safe, ya duba tiyo ja da rawaya, ya sauka da ƙaramar giya, da wanda ya dogara da taka birki har ya yi hayaƙi. Tsakanin Mora da Kusuri ramuka sun daɗe suna cin sifirin, tirela mai ƙasa-ƙasa kuwa cikinta ke fara taɓa tudu. Can ne kuma, a Waza, Boko Haram suka sace ma'aikata 'yan Sin goma a watan Mayun 2014, abin da ya sa ba a wasa da tafiyar dare. Ta kudu tana bi ta Tuboro ta shiga Cadi, ta ratsa Mundu, Kelo da Bongor. Zaɓi a bar wa direba da waɗanda suka dawo jiya.

Kwalliya halal ce, kuma tirela ba rubutu a bayanta abin tausayi ce. A rubuta "Allah Ya kiyaye" da ajami ko da boko, a zana dawisu a robar bayan taya, a jera fitilu har yaran unguwar Kabalaye su bi ta da gudu. Sai dai a bi layi. Akwatin kayan aiki a kan wuya ya riga fenti, haka ma mazaunin safayar taya biyu, tankin ruwan sha, ƙarin kunnuwan ɗaure sarƙa da katakon shimfiɗa mai kauri da ƙafar katafila ba za ta tauna ba. Abin da ba a yi shi ne huda ƙashin wuyan don a rataya ado.

Saura mutane. Karen mota shi ke kwana a ƙarƙashinta a Dabanga, shi ke dafa shayi, shi ke taɓa cibiyar kowace taya a duk tsayawa ya ji wadda ta yi zafi kafin boris ya ƙone. Kuɗin abincinsa a ba shi a hannunsa, kada ya bi ta aljihun wani. Direba kuma idan ya bugo waya da tsakar dare ya ce, "Maigida, akwai ƙarar da ban gane ba," amsar ita ce ya tsaya inda akwai mutane har gari ya waye. Kuɗin duwan, na sikeli da na gazuwal a rubuta su a littafi tun kafin a tashi, a ware na mai faci daban. A watan Agusta, lokacin da ruwa ke kwanciya a layukan Injamena kuma aikin gini ke ja baya, a kai ta gareji a kwance tayoyi, a wanke boris, a sauya takalmin birki, a biya direba albashinsa cikakke ko da ba ta fita ba.