Nasiha ga Maigidan da Zai Kai Iyalinsa Filinge a Mota

Magabata sun ce tafiya mabuɗin ilimi ce, amma duk magidancin da ya tara uwargida da 'ya'ya da goggo da kayansu a cikin mota ɗaya, ya bar Yamai da niyyar kai su Filinge ta ƙasar Kurfai su ga dangi, zai tarar ilimin farko da tafiya ke buɗe masa shi ne na halin mutanen gidansa. Ana ba mu labarin mutanen Kudancin Amurka, a Peru da Bolibiya, masu hawa duwatsun Andes da iyalinsu, inda hanya kan haura sama da mita 4,000, har iska ta yi ƙaranci, kai ya ɗauki ciwo, mota ma ƙarfinta ya ragu. Mu Allah Ya sauƙaƙe mana, domin tsakanin Yamai da Filinge kimanin kilomita 180 ne, duwatsunmu kuwa jajayen gaɓoɓin Dallol Boso ne, waɗanda ake tafiya a gindinsu numfashi lafiya lau; sai dai gajeriyar hanya ma tana da ladubbanta, wanda ya jahilce su kuwa zai isa da mota lafiya amma da zukata a murtuke.

Nasiha ta farko, a naɗa amirin tafiya kamar yadda sunna ta koyar, kuma babu jayayya maigida ne ya cancanci wannan muƙami. To amma amirin da ke da basira ya san kwandon guzuri da goran ruwa da hankalin yara duk suna hannun uwargida, don haka ba ya zartar da hukunci sai ya juya ya ce, "Hajiya, ko mu tsaya nan?" Idan yana son a tashi da hantsi, ya shelanta tun dare cewa da an sallame asuba za a kama hanya, domin tsakanin azama da tashi akwai takalmin auta da ya ɓace, da maƙwabciya mai saƙon da ba ta gama ƙullewa ba. Kafin ranar kuwa wajibi ne ya je tasha ya tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum yadda take, saboda rashin tsaron da ya addabi jihar Tillaberi a shekarun nan, ya kuma ƙudurta cewa tafiyar rana tsaka zai yi, faɗuwar rana ta same shi a cikin gida.

Ta biyu, sha'anin kaya. Goggo za ta ce, "Ɗan nan, ni ba ni da komai sai 'yar jakata," alhali bayan jakar akwai buhun shinkafa, da kwalin sabulu, da turamen zane na matan ƙannenta, da tukunyar da ta yi wa wata alkawari tun bara. Kada maigida ya yi musu da ita, domin babu ɗaya cikin kayan nan da ba sunan mutum a kansa, kuma sadar da zumunci ba ya tafiya hannu rabbana. Abin da ya rage masa shi ne ya fara shigar da tayar ajiya da jarkar ruwa da takardun mota, ya ajiye takardun inda hannu zai kai gare su idan jandarma ya tsayar, sannan ya bar sauran filin ga goggo, wadda za ta cika shi ko da girmansa ya kai zaure.

Ta uku, ita ce mafi girma, ta shafi tambayar da yara za su fara tun ba a fita gari ba: "Baba, mun kusa?" Uban da ya amsa da tsawa ya yi hasarar almajiran da ba zai ƙara samunsu zaune wuri ɗaya na tsawon sa'o'i ba. Maimakon haka ya mai da hanyar allo. Ya ce su haddace garuruwa bi da bi: Hamdallahi, Balleyara ta ƙasar Tagazar, Fandu ta Tondikandiya inda aka haifi Janar Seyni Kunce a 1931, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, sai Bankuku ta Imanan mai lambunan dankalin turawa, sannan Filinge. Idan an gangara cikin dallol ya nuna musu cewa wannan faffaɗan kwari tsohon kogi ne da ya taɓa kwararowa daga Azawak zuwa kogin Kwara, ya ƙafe a sama amma ruwansa na nan kusa a ƙarƙashin rairayi, shi ya sa rijiyoyin wurin ba su da zurfi. Ya nuna musu goriba, ya nuna musu gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana a gindinsa, ya tsiro da shi da rani lokacin da dabba ke neman inuwa da abinci. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya san ƙasar kakanninsa fiye da wanda ya yi barci har ƙofar gida.

Ta huɗu, kasuwar Balleyara, wadda ke ci ranar Lahadi, inda Zabarmawa da Buzaye da Fulani da Hausawa ke haɗuwa da raƙuma da shanu da tumaki da tabarmi. Wanda yake gaggawa ya zaɓi wata rana. Wanda ya biyo ranar Lahadi kuwa, ya sani uwargida za ta ce albasa kawai za ta duba, kuma duban nan zai haifi ƙwarya da faifai da tabarma biyu. Shawarata ya sauka da fara'a, ya kai yara kara su ga yadda dillali ke riƙe hannun mai saye da mai sayarwa har a ce "sallama," ya saya musu nama mai zafi da fura, ya ɗauki sa'ar nan cikin lissafin tafiya tun daga gida, domin jinkirin da aka yi niyyarsa ba ya ɓata rai.

Ta biyar, salla. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaid ta zo da shi, masafar kasaru buridi 4 ce, wato mil 48, hanyar Filinge kuwa ta zarce haka nesa, don haka musafiri ya mai da azahar da la'asar raka'a biyu-biyu, ya karɓi rangwamen da Ubangiji Ya yi masa. Amma ya tuna niyyar zaman kwana 4 tana yanke hukuncin tafiya. Kuma wanda ya san kakarsa ya san ba za ta sake shi kafin mako ba, ko da ya rantse mata aiki na jiransa.

Ta shida, isowa. Da an hango gari a gindin dutse, a gyara wa yara huluna da ɗankwali, a tuna musu su durƙusa su gaida manya, su amsa gaisuwa har ƙarshenta, su kuma jure idan kaka ta kama jikanta ta ce, "Kai maigidan, ina tsarabata, ko rowar birni ka koyo?" Wannan wasa tsohon haƙƙi ne na kaka da jika, kuma da shi baƙunta ke narkewa. Kada maigida ya zauna zaure ya bar yara da wayoyinsu: ya bi da su gida-gida wurin kawu da baffa da taubasai, ya kai su maƙabarta su yi wa magabata addu'a, in hali da tsaro sun yarda ya kai su Tukunus, arewa da gari, inda tun 1954 ake kiwon shanun Azawak masu yawan nono, su ɗanɗana cuku a inda ake yin sa.

Daga ƙarshe, kada ya yi zaton motar za ta koma fayau. Za a ɗora masa gero da wake da man shanu da zabi, wataƙila da rago, da ɗan ƙanensa mai neman makaranta a Yamai, kuma duk abin da ya ce ba wuri, tsofaffi za su nuna masa wurin. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya kuma sa ranar dawowa kafin ya tayar da mota, domin yaran da ake kai wa ƙasarsu shekara-shekara su ne za su kai nasu 'ya'yan bayan ba mu. Allah Ya kiyaye hanya, Ya zaunar da ƙasar Kurfai lafiya, Ya sa a je a tarar da alheri.