Sauya wa Dashe Mazubi a Ƙasar Haɗejiya, Kafin Akuya ta Riga Mai Shi

Renon dashe, wato tsirar da ƙwallon mangwaro ko irin gwaiba ko na lemo a cikin ƙaramin mazubi har ya yi ƙwarin da za a kai shi mazauninsa na dindindin, aiki ne da da wuya a sami gidan da bai taɓa gwada shi ba a Haɗejiya da Auyo da Kafin Hausa da Malam Madori, kuma da wuya a sami wanda ya gwada bai ɗanɗani takaicinsa ba. Ba za a ɓata takarda a nan wajen koyar da yadda ake binne ƙwallo ko yadda ake karkata buta ba, domin duk wanda ya tashi a bakin fadama ya san wannan tun kafin a kai shi makarantar allo. Inda gizo ke saƙa shi ne ranar sauya mazubi, wato ranar da ya kamata a fitar da tsiron daga ledar fiya-wata ko gwangwanin da ya tsira a ciki, a mayar da shi babbar leda ko bokiti ko yankakkiyar jarka. A wannan gaɓa ce dashe da yawa ke salwanta, ko dai don an yi gaggawa, ko kuma, wanda ya fi yawa, don an yi ta cewa sai gobe.

Shawara ta farko ita ce a bar kallon ganye, a duba gindin leda, domin saiwa ce ke faɗin lokaci, kuma tana faɗinsa tun ganye bai nuna komai ba. Mangwaro na da abin da ake kira uwar saiwa, wato doguwar saiwar da ke nutsawa kai tsaye cikin ƙasa neman laima, kuma ledar da tsawonta bai kai taƙi guda ba ba ta ɗaukar ta fiye da 'yan watanni. Idan ta isa gindi ta rasa mafita, sai ta fara nannaɗewa tana kewaya kanta, idan kuwa ta sami ɓula, sai ta bi ta ciki ta kama ƙasar tsakar gida ba tare da sanin kowa ba. Mai reno yakan gane haka ne ranar da matar gida ta ce a matsar da ledojin za ta yi shara: ya sunkuya ya ɗaga, ya ji wani ɗan sauti ƙas a ƙarƙashin hannunsa, ya juya ledar ya ga farin bakin saiwa a tsinke, washegari kuma ganyen da jiya ke sheƙi ya yi laƙwas. Kafin a kai ga haka akwai alamomi da ba su ɓuya ba, kamar fitowar ƙananan fararen saiwoyi ta ramukan gindi, da bushewar ƙasa kafin azahar alhali da safe aka yi ban ruwa, da ɗaukewar sabon toho, da rawayar ganyen ƙasa, da faɗuwar leda duk lokacin da iska ta kaɗa saboda kai ya fi gindi nauyi. Ganin biyu daga cikinsu ya isa hujja. Saiwar da aka bari ta nannaɗe ba ta warwarewa da kanta ko an kai ta gona, don haka itacen yakan tsumbure, ko kuma ya yi girma a ido har shekara da shekaru, sai guguwar farkon damina ta kwantar da shi a dare ɗaya.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, mutanen wannan ƙasa ba baƙin ilimin dashe ba ne. Manomin rani a fadamun Auyo ko Kirikasamma ya san cewa irin shinkafa idan ya kai kamar mako 3 a wurin reno sai a cire a dasa, tumatir mako 3 zuwa 4, tattasai da attaruhu mako 5 zuwa 6, albasa kuwa mako 6 zuwa 8, kuma ya san cewa tsohon iri ba ya 'ya'ya yadda ake so, har yakan yi faɗa da ɗan ƙwadagon da ya makara da kwana biyu. Wannan mutum ɗin dai shi ne zai dawo gida ya tsallake mangwaron da ya shekara biyu a ledar fiya-wata a bayan randa, yana cewa in an gama girbi za a duba shi, in an gama girbi ya ce bayan Sallah, bayan Sallah kuma ga sharar gona ta zo. Shinkafa na samun kulawa don kuɗinta na zuwa cikin wata huɗu, itace kuwa da zai ciyar da jikoki shi ake bari a kurkuku, kuma wannan rashin adalci ne da ya kamata a faɗe shi ƙarara.

Shawara ta biyu ta shafi yanayi. Ba a taɓa saiwa da tsakar rana, kuma ba a taɓa ta a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, sai fa idan ledar ta riga ta fashe, a nan ma sai a yi a inuwa da la'asar sakaliya. Iskar hunturu ma ba abokiyar sabon dashe ba ce, domin tana zuƙe ruwan ganye fiye da yadda saiwar da aka girgiza za ta iya mayarwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ruwa ya zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, saboda damina a wannan yanki gajera ce, ba ta cika wuce wata huɗu ba, ruwanta kuma a yawancin shekaru tsakanin milimita 500 ne zuwa 700, don haka duk makon da aka yi sakaci da shi ba ya dawowa.

Sai dai wannan lissafi na mutanen tudu ne, mutumin kwari kuwa sai ya saurari kogi. Kogin Haɗejiya, wanda ke samo ruwansa daga kogunan Kano da Challawa, ya gangara ya haɗu da na Jama'are su zama Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Chadi, ya sauya hali tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. A da ruwa kan zo da damina ya janye da rani, hanyoyinsa su bushe su share kansu, amma da ya koma gudana kusan duk shekara sai kachala, wato doguwar ciyawar ruwan nan mai saiwa kamar igiya, ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi a wajen Guri da Kirikasamma har zuwa Nguru, ta kuma zama masaukin tsuntsayen jan-baki da ke sauka kan shinkafa kamar hadari. Ruwan da aka toshe wa hanya kuwa dole ya nemi wata, kuma wadda yake samu ita ce ta cikin gari. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022, lokacin da mutanen Haɗejiya suka kwana a kan jinga suna cika buhuna da ƙasa, ba sai an yi masa bayanin abin da Agusta da Satumba ke iya zuwa da shi ba. Abin baƙin ciki ne matuƙa a ce ciyawar da babu wanda ya shuka, babu wanda ya yi mata ban ruwa ko ya kewaye ta da ƙaya, ita ce ke bunƙasa har ta gagari injuna, alhali gwaiba ɗaya da aka yi wata shida ana lallaɓawa tana mutuwa don ta kwana uku a cikin ruwa. Saboda haka wanda gidansa ko lambunsa ke kwari kada ya kai dashe ƙasa a Yuli. Ya sauya masa babban mazubi, ya ɗora shi a kan bulo ko dakali inda za a iya ɗauke shi da gudu, ya jira ruwa ya janye a Oktoba, sannan ya dasa a kan laimar da kogi ya bari, ya kuma ɗaura niyyar jan guga har bazara ta wuce.

Shawara ta uku ita ce kada zafin jinkirin da aka yi ya sa a zarce gona da iri wajen girman mazubi. Akwai uban da kan sayo wa ɗan shekara huɗu takalmin Sallah na ɗan shekara tara wai don ya daɗe yana sawa, yaron ya wuni yana tuntuɓe a hanyar idi, haka ma tsiro mai ganye shida da aka jefa cikin rabin duro. Ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba tana riƙe ruwa ta yi tsami, iska ta kasa shiga, saiwar ta ruɓe daga ƙasa mai reno yana ta ƙara ruwa don ya ga ganye ya yanƙwane. Mazubin da ya ɗara tsohon da kamar yatsu uku ko huɗu ta kowane gefe ya wadatar, kuma zurfi ya fi faɗi muhimmanci ga itace mai uwar saiwa. Dole a huda gindinsa da ƙusa mai zafi wuri da yawa, kuma jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko baƙin mai ko maganin feshi ba ta da wurin zama a wannan aiki, komai wankin da aka yi mata. Ƙasar da za a zuba kuwa sai an gauraya, domin baƙar lakar fadama ita kaɗai takan daskare ta tsage idan ta bushe, yashin tudu shi kaɗai kuma ba ya riƙe komai. A haɗa su biyun da takin dabbobi da ya riga ya ruɓe ya huce, tunda ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi, karmami da bai ruɓe ba kuma gayyatar gara ce.

Ta huɗu ya kamata ta kasance a kan hanyar fitar da tsiro daga leda, amma babu amfanin maganar fitarwa idan ba a yi maganar akuya ba, domin a lissafin gaskiya abin da akuya ta hallaka na dashe a wannan ƙasa ya fi abin da ambaliya da gara da bazara suka hallaka a haɗe. Akuya ba ta kula tsiro lokacin da yake fama da rawayar ganye a tsohuwar leda. Tana jira ne sai an sauya mazubi, an yi mako uku ana tattali, jan toho mai taushi ya fito a kai, mai gida ya kira maƙwabci ya nuna masa, sannan ranar da yaro ya fita aike ya bar ƙyauren zaure a buɗe ta shigo ta gama aikin cikin lokacin da bai kai na alwala ba. Ba ta cinyewa ta tafi kawai, sai ta fizge tsiron ta tumɓuke shi, ta kifar da bokitin, ta bar sandar a tsakar gida da ɓawo a saluɓe. An gwada kewaye da ƙayar magarya, ta tura kai ta ƙarƙashi. An kifa tsohon kwando, ta ture shi. An jera bulo, ta hau kansa ta miƙa wuya. An lulluɓa tsohon gidan sauro, ta tauna shi tare da ganyen. Abin da ya ɗan yi tasiri shi ne ragar waya mai tsayin ƙirjin babban mutum da aka ɗaure a turaku huɗu, sai dai kuɗinta yakan fi na dashen sau da yawa. Idan kuma aka kai ƙara, amsar mai akuya guda ce daga Birniwa har Kaugama: "Malam, a yi haƙuri, dabba ce, ba ta da hankali." Dabbar dai ba ta da hankali, amma igiya na da araha, kuma mai ita yana da hankali. Mutumin da ke ɗaure dabbarsa da damina don tsoron hukuncin ɓarnar gona, ya kuma sake ta da kaka ta shiga gidajen mutane, ya nuna cewa hukuncin yake tsoro, haƙƙin maƙwabci bai dame shi ba. Ana ta maganar Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, wadda Jigawa ke cikin jihohin da ta ratsa, kuma manufa ce mai kyau, amma ganuwar da aka dasa ba a kare ta ba abincin rana ce ga garken unguwa.

Bayan akuya akwai kaji masu tone sabuwar ƙasa don neman tsutsa, akwai yara masu zaro tsiro su duba ko ya yi saiwa, akwai kuma ɗan'uwan da kan zo gaisuwa ya tsaya kan wanda ya fi kyau ya ce, "Yaya, wannan kam nawa ne, Allah ya ƙara arziki," ya ɗora a babur, alhali kowa ya san a gidansa ko shinge babu.

Lissafin shawarwari ya riga ya ɓace a wajen akuya, don haka ragowar sai a karɓe su a dunƙule. A shayar da tsiro tun jajibere don ƙasarsa ta kama jikinta, a tsaga leda da reza daga gefe, kada a ja shi ta wuya, saiwar da ta nannaɗe a gindi a warware ta da yatsa a hankali, wadda ta murɗe ta ƙi a datse ta da wuƙa mai kaifi. A zaunar da shi daidai zurfin da yake a da, musamman mangwaro ko lemo mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin na gida, domin idan aka binne mahaɗar takan ruɓe ko gindin ya yi toho ya danne reshen da aka saya da tsada. A bar shi a inuwa kamar mako guda, kada ya ga takin zamani sai ya fitar da sabon ganye. Zogale da gwanda ba sa son a taɓa musu saiwa ko kaɗan, gara a shuka su inda za su zauna, ko a kai su can tun suna ƙanana da ƙasarsu a dunƙule.

Kira na musamman ga masu unguwanni da dagatai da limaman ƙasar Haɗejiya shi ne su sa baki a maganar sakin dabbobi a cikin gari da rani, kamar yadda suke sa baki da damina, masu awaki kuma su ji tsoron Allah su sayi igiya.