Masu Dasa Tag Iri-iri Ne

Kusan duk shagon da ke sayar da atamfa ko turare ta intanet yana da 'yan rahoto da mai saye ba ya gani. Ana ce musu tag. Guntayen rubutun kwamfuta ne da ake dasawa a shafi, su riƙa sanar da Google Analytics ko Meta cewa wani ya shigo, ya duba leshi, ya jefa a kwando, ya biya ko ya sulale. Tun 2012 da Google ya fito da Tag Manager, ba sai an yi ta roƙon mai gina shafi ba, kowa na iya dasawa daga kujerarsa. A saman allon ta hannun dama akwai maɓallai biyu maƙwabtan juna, ɗaya na gwaji, ɗaya na saki. A nan ake gane halin ma'aikaci.

Akwai Malam Gaggawa. Shi bai taɓa sanin launin allon gwaji ba. Ranar Juma'a ce ranar aikinsa, ana kiran salla yana neman takalmi da ƙafa, hannu kuma na kan linzami. Ya danna saki, ya ce "in Allah ya yarda ba matsala," ya fice. Ya ɗaura tag ɗin ciniki a kan adireshin shafin godiya, wanda ke buɗewa bayan an biya kuɗi, bai san mai gina shafin ya sauya adireshin tun makon jiya ba. Ranar Litinin rahoto ya nuna ba a sayar da ko ƙyalle ba Asabar da Lahadi, alhali yaran shago sun ɗaure kaya har bayansu ya ƙage. Tag Manager yana ajiye kwafin kowane saki, cikin minti guda za a koma na baya. Cinikin kwana biyun nan kuwa ya tafi ke nan, don Analytics ba ya waiwayawa ya ƙirga abin da bai gani ba.

Kishiyarsa shi ne mai waswasi. Ya buɗe Tag Assistant, wato allon gwajin, ya ga jerin tag ɗin da suka tashi da waɗanda suka ƙi, komai daidai. Ya rufe, ya sake buɗewa. Ya gwada a waya, ya ari wayar mai gadi, ya sayi turmin atamfa ɗaya na ƙarya har ya haddace lambarsa. Kamar mai waswasin alwala, yana bakin famfo har liman ya sallame. Tag Manager na kyauta wuraren aiki uku kacal yake bayarwa, shi ya kwanta a ɗaya tun watan jiya, abokan aiki na layi. Abin dariyar, ranar da zuciyarsa ta natsu sai ya tafi gida bai danna saki ba. Tag ɗin yana aiki lafiya lau, amma a burauzarsa shi kaɗai.

Sai mai ɗora laifi. "Oga, Google ne ya samu matsala yau." Gobe sabis ne, jibi wuta. Ka leƙa kwamfutarsa, ga manhajar toshe talla nan zaune a kusurwar burauza, wadda ya sa da hannunsa don kallon ƙwallo ba katsewa, ita ke shaƙe tag ɗin kafin ya yi motsi. Ƙaninsa kuma rashin haƙuri ke damunsa. Ya saki abu da azahar, da la'asar ya buɗe babban rahoto, bai gani ba, ya rushe aikin duka. Rahoton nan yakan ɗauki awa 24 zuwa 48 kafin ya cika, ga DebugView can gefe yana nuna komai cikin daƙiƙoƙi, bai taɓa leƙawa ba.

Mai adana tsummoki ba ya cutar da kowa sai wanda zai gaje shi. Tsohon Universal Analytics ya daina karɓar bayanai tun 1 ga Yuli, 2023, amma tag masu farawa da UA suna nan a kwantenarsa ta Tag Manager, suna aika saƙo gidan da aka tashi. Sunayen da yake raɗa wa sauran: "sabo", "sabo 2", "sabo na ƙarshe", "kar a goge". Ka tambaye shi me na ƙarshen ke yi, ya ce shi ma haka ya tarar. Kusa da shi akwai wanda ya rubuta purchase da babban baƙi a farko. A wurin Analytics wannan wani suna ne dabam, don haka kuɗin ba ya shiga rahoton ciniki.

Duk waɗannan asirinsu na tonuwa da wuri, saboda lissafi ƙasa yake yi, kuma ba mai shagon da zai ga sifili ya yi barci. Wanda nake tsoro shi ne mai ninki. Mai gina shafin ya riga ya dasa tag cikin rubutun shafin tun farko. Shi kuma ya zo ya ƙara wani ta Tag Manager, wataƙila ma da na uku ta wata manhajar WordPress da ya ga ana yabawa. Baƙo ɗaya ya buɗe shafi ɗaya, rahoto ya ce biyu. Ya kuma manta bai haɗa lambar ciniki ba, wadda da ita Analytics ke gane cewa wannan sayen an riga an ƙirga shi. Wata baiwar Allah a Gusau ta biya kuɗin turare, sabis ya tsaya, ta sabunta shafin godiya sau uku. A rahoto ta zama dillaliya.

Ƙarshen wata Alhaji mai shago ya ga zane ya yi sama, baki har kunne. "Kai, yaron nan akwai kai! Allah ya yi maka albarka." A take aka ƙara kuɗin tallan Facebook, tunda ga shi yana biya. Akanta ce kaɗai ta ɗaga kai daga littafinta ta ce, "Alhaji, ni fa alat ɗin banki bai nuna min haka ba." Aka ce mata ai ita ba ta gane harkar zamani. Da an buɗe allon gwaji na minti biyar, da an ga rubutu ƙarara cewa tag ɗin ya tashi sau biyu. To wa zai binciki labari mai daɗi? Malam Gaggawa ya jawo asarar lissafin kwana biyu, ya sha faɗa a gaban kowa. Mai ninki ya sa an yi wata uku ana zuba kuɗin talla a kan cinikin da babu shi, aka ƙara masa albashi.

Don haka mai shago, ranar da aka kawo maka rahoto ya ninka dare ɗaya, ka dakata da rabon tukuici. Ka kira akanta ta zo da takardar banki, ka sa yaron ya buɗe allon gwaji a gabanka, ya sayi abu ɗaya kana kallo.