Gwanin Otal a Jalingo

A cikin abokaina ni ne muftin otal. Duk wanda tafiya ta kama shi zuwa Legas ko Abuja ko Fatakwal, sai ya kira ni kafin ya ɗaure jaka, ni kuwa in gyara murya in ba da fatawa. Sana'a ce ta jawo mini wannan matsayi. Tallan maganin feshi da irin shuka nake yi wa wani kamfani, saboda haka kwanan da nake yi a gadon haya ya fi wanda nake yi a gadona. Uwargida ma ta ce saura kaɗan ta fara yanka mini rasit idan na dawo.

Ilimin nawa kuwa ba na wasa ba ne. Ba na biyan ko sisi sai na ga ɗaki. In na shiga, sai in danna katifa da gwiwa, in ɗaga gefen zanin gado in bi ɗinkin katifar da fitilar waya, don a nan kuɗin cizo suke taron dangi. In murɗa famfo in tsaya har sai ruwan ya daina tari. In sunsuna tawul. Ba na karɓar ɗakin da ke kusa da ɗakin inji, ba na karɓar wanda ke daf da kanta, inda za a kwana ana kallon ƙwallo. Sannan ina da tambayoyi da nake jero wa ma'aikacin otal ina kallon ƙwayar idonsa, har wani yaro a Kaduna ya taɓa tambayata ko ni ɗan sanda ne. Na yi wata guda ina ba da wannan labari.

Bayan ƙaramar Sallah, cikin Afrilu, aka tura ni Jalingo in gana da dilolinmu kafin damina ta sauka, don manoman shinkafa da masara na Taraba ba sa jiran kowa. Babban dilanmu na garin, wani Alhaji mai faran-faran, ya kira ni ya ce, “Mutumin Kano, ɗakin baƙina yana nan a share. Ka sauka a gida kawai, garin a cike yake da biki.” Na yi dariya irin ta manya na ce, “Alhaji, kada ka damu. Ni da na kama ɗaki a Ikeja ana gobe Kirsimeti?” Na ƙara da cewa ba na son takura wa iyali. Gaskiyar magana kuwa, ba na son a tashe ni karin kumallo da hira.

Na sa rigar sanyi a jaka. Ai Taraba ce, jihar Mambila, inda ake noman ganyen shayi. Babu wanda ya tuna mini cewa kafin mutum ya hau Gembu sai ya wuce Bali da Serti ya yi wunin tafiya, Jalingo kuwa tana ƙasa, a yankin kwarin Binuwai, inda ranar Afrilu ke gasa mutum har bayan ta faɗi.

Muka bi ta Gombe, Kaltungo, muka haye gadar Numan. Daga Numan zuwa Jalingo ba zan ce komai ba, ƙuguna ne ke da bayani. Masu hali suna sauka ta filin jirgin sama na Danbaba Suntai da guga a jikin rigarsu. Ni ta Mil Shida na shigo ana kiran magariba, ƙura har cikin kunne.

Babu acaɓa a Jalingo, tun 2012 aka hana, saboda haka Keke ne sarki. Na tare wani saurayi na ce masa shata nake so, ya zaga da ni otal-otal. Ya karɓi jakata da hannu biyu ya ce, “Alhaji, in dai barci kake so, akwai wani nan kusa. Sola gare su, da rijiyar burtsatse.” Na yi murmushi a zuci. La'ada! Na san wannan wasa tun yaron bai fara rarrafe ba. Amma na ce mu je, don in nuna masa aiki.

Gida ne mai hawa ɗaya, fentinsa ya koɗe, ga bishiyar mangwaro a tsakar gida da wasu dattawa biyu suna alwala. Ɗakin tsaf. Katifa ta ci jarrabawa, famfo ya ci, fanka tana juyawa ba ƙara. Naira 12,000. Na duba sama na duba ƙasa, na rasa abin kushewa, sai idona ya faɗa kan tawul. Ruwan ƙasa ne. Na ɗaga shi da yatsa biyu na yi wa yarinyar da ke riƙe da makulli lacca: otal ɗin da ya san kansa farin tawul yake sawa, mai launi ɓoye datti yake yi. Ta ce, “To, Yallaɓai.” Na tambayi esi, ta ce babu, fanka ce, amma ba ta tsayawa har safe. Na ce mata ni ban yi tafiyar wuni guda don in kwana a ƙarƙashin fanka ba. Muka fita.

Daga nan muka hau titin Hammaruwa. Jalingo gari ne da ya tashi daga hedikwatar masarautar Muri ya wayi gari babban birnin jiha ranar 27 ga Agusta 1991, lokacin da gwamnatin Babangida ta raba tsohuwar Gongola, kuma tun daga ranar yake miƙewa a gefen titi. Ga ma'aikatun gwamnati, ga jami'ar jiha da aka kafa a 2008, ga masu taron bita da ba sa ƙarewa, ga 'yan biki. Duk waɗannan gado suke nema, kuma duk sun riga ni. Wanda na gani a waya mai hoton wurin ninƙaya, mun je mun tarar da wurin ninƙayar, an shanya barkono a ciki, ɗakuna kuma sun ƙare. Wani a wajen titin Barde ya ce saura ɗaki ɗaya, naira 45,000. Na ciro waya na kara a kunne, na ce “Na'am, Honorabul?”, na fice ina magana da allon da ko sabis babu. Muka leƙa Magami, muka dawo ta Roadblock, muka sake komawa. Sarkin Muri Muhammadu Nya da ya kafa sansani a nan a 1893, da dawakai da mayaƙa, ban jin ya daɗe haka yana neman wurin sauke kaya.

Na lura da wani abu a bakin direban. A otal na farko ni Alhaji ne. Muna barin na uku na koma Malam. Da aka yi sallar isha'i ya waiwayo ya ce, “Bawan Allah, mai Keken nan fa jirana yake yi.”

Sai ga shi. Bene mai hawa biyu, fitilu ta ko'ina, motoci fal harabar, inji yana ruri daga can baya. Na ce masa tsaya. Na nuna masa motocin na ce, “Ka ga wannan? Inda manya suka ajiye mota, nan ne wurin kwana. Ka riƙe wannan, kyauta na ba ka.” Ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu. Ya karɓi kuɗinsa ya ce Allah ya ba mu alheri.

Yaron kanta ya sha tambayoyi. Akwai esi? Akwai. Akwai inji? Ga shi kana ji, Oga. Akwai ruwa? Akwai. Na hau na gani da idona: esi yana busa sanyi har da hayaƙi, shawa tana zuba, tawul fari fat. Naira 25,000, na tura ta waya ban nemi ragi ba. Na ma ɗauki hoton tawul ɗin na aika wa abokai a WhatsApp, na rubuta a ƙasa: a koyi aiki.

Ina cire takalmi aka buga gangar farko. Ashe motocin manya na 'yan dina ne, zauren taron kuma daidai ƙarƙashin gadona yake. Mai gabatarwa ya kama makirufo yana kiran ƙawayen amarya su fito fili, sannan abokan ango, sannan dangin uwa, sannan dangin uba, sannan waɗanda suka zo daga Yola, sannan na Wukari, waɗanda ya ce a tafa musu da kyau saboda sun ƙetaro Namnai, inda gada ta karye tun Agustan 2024. Kofin da ke kan tebur yana tafiya da kansa. Na sa filo a kai. Na cire. Na yi ƙoƙarin kallon labarai, sai na ga bakin mai karantawa yana bin kiɗa.

Wajen sha ɗaya da rabi na tuna ko ni wane ne. Na zura riga, na rataya katin shaidar kamfani a wuya, mai igiya kore da tambarin ganye, na sauka neman manaja. Na yi masa Turanci na minti biyar ba numfashi. Na ambaci haƙƙin baƙo, na ambaci tauraro ɗaya da zan ba su a intanet, na ce ina da mutane a Abuja. Idonsa yana kan katin, yana ƙoƙarin karantawa, ni kuma ina juya shi. Ban san hukumar da ya ɗauka ta aiko ni ba, amma na ga gumi ya karyo masa. Ya ce, “Yallaɓai, ka tabbata a tsayar?” Na ce yanzu-yanzu. Ya sake cewa, “Ka tabbata?” Na ce ba na maimaita magana.

Ban kai saman bene ba kiɗa ya mutu. Na ji guna-gunin mata, na ji ana jan kujeru, motoci suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Na shiga wanka ina waƙa. Na saɓe jikina da sabulu tun daga ka har ƙafa, na rufe ido, sai na ji rurin injin nan ya yi ƙasa, ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Fitila ta ɗauke. Shawa ta ɗiga sau uku a tsakiyar kaina ta bi sahu.

Da farin tawul na sauko, ina lalube, ido ɗaya a rufe. Yaron kanta ya haska ni da waya ya yi mini bayani cikin ladabi. Babban injin otal ya lalace tun kafin azumi. Wanda na ji yana ruri masu biki ne suka yi hayarsa, da mansu, har zuwa ƙarfe uku aka yi da su, otal kuma ya jona ɗakuna a jiki. Tun da an kore su, sun kashe abinsu. Wutar gari rabonsu da ita kwana biyu. Ruwa kuwa yana nan a rijiya, injin turo shi ne ke son wuta. Na ce, “Amma ka ce mini akwai inji!” Ya ce, “Oga, ai lokacin akwai.” Na yi ta juya maganar ina neman inda ya yi ƙarya, ban samu ba.

Ɗakin ya koma tanda. Tagar irin ta gilashin nan ce da aka yi don esi, tana buɗewa faɗin tafin hannu, daidai shigar sauro. Na jure har ƙarfe ɗaya, sannan na ɗauki jakata na fito harabar. Maigadi, wani dattijo mai carbi da rediyo, ya ja mini guga biyu na ɗauraye sabulun da ya bushe a bayana. Ya matsa mini a benci, ya tura mini maganin sauronsa na kunnawa kusa da ƙafa. Na naɗe rigar sanyin Mambila na yi matashi da ita.

“Baba, haka kuke fama kullum?”

“A'a, ɗana. Yau ma da mun sha sanyi har uku. Wani baƙo ne aka ce ya zo daga Abuja ya hana.” Ya ja carbi. “Wai babban jami'i ne. Allah dai ya shirya.”

Na ce amin, na tura katin cikin aljihu har ƙasa.

Da asuba ya tafi masallaci ya bar ni ina gyangyaɗi. Wata Hajiya da ta bar motarta jiya ta zo ɗauka, ta ƙwanƙwasa bencin da makulli ta ce, “Maigadi, buɗe mini ƙofa.” Na tashi na buɗe. Ta miƙo naira 200 ta taga. Na karɓa, don ƙin karɓa zai jawo bayani.

Ƙarfe tara ina shagon Alhaji a kasuwa, ido jawur. Ya sa aka kawo mini shayi, shi ma na ga ransa a ɓace. Ya ce jiya dinar ɗiyar ƙaninsa aka yi, shi ya biya kuɗin zaure da hayar inji da man dizal, ana tsakiyar liƙi, ko yanka kek ba a yi ba, wani la'ananne ya sa aka tashe su. Amarya ta kwana tana kuka. Yaransa suna nan suna bincike, an ce mutumin yana da kati a wuya. Ya dube ni ya ce, “Kai da kake yawon duniya, ka taɓa ganin irin wannan rashin mutunci?” Na girgiza kai na ce wallahi mutane sun lalace. Ya tambayi inda na sauka. Na ce wani ƙaramin wuri ne mai bishiyar mangwaro, sola gare su. Ya ce, “Ka iya zaɓe, nan nake sauke baƙina in gida ya cika.”

Alhaji ya ɗauki katan 300 na maganin ciyawa, rabi bashi, zai biya bayan girbi. Saboda haka ina roƙon duk mutumin Jalingo da ya karanta wannan ya gane gidan bikin, don girman Allah ya riƙe bakinsa sai watan Disamba.